Karan da Na Miƙa wa Lawali

Ranar wata Laraba ce da hantsi, bayan an gama girbin gero, a shekarar da nake aji huɗu. Muna tsaye a filin makarantar firamaren ƙauyenmu, tsakanin Isa da Sabon Birni, ɗalibai aji guda mun riƙe hannun juna muna haki. Yaro ɗaya ne ya rage ba a kama ba. Yana tsaye kusa da bishiyar aduwa, ba takalmi a ƙafarsa, yana kallona, domin ni ne a ƙarshen layin, kuma hannuna na dama ne kaɗai ba a riƙe ba. Sunansa Lawali.

Kafin zuwan Malam Garba, darasin motsa jiki a wurinmu shara ce da cire ciyawa. In aka buga ƙararrawa sai a raba mana tsintsiya da fartanya, malamai kuma su koma inuwa. Malam Garba ya zo mana daga kwalejin horon malamai da usur rataye a wuya, ya ce bai yarda yaro ya wuni a kan benci kamar buhun dawa ba. Shi ya koya mana wasan da muka sa wa suna sarƙa. Mutum ɗaya ne zai fara bin sauran. Duk wanda ya taɓa sai ya riƙe hannunsa su bi wani tare, haka layin zai yi ta tsawo har sai an kame kowa. Wanda ya rage a ƙarshe shi ne gwani. Mun so wasan nan fiye da langa, don babu wanda ake fitarwa ya zauna, har 'yan mata da masu ƙaramin ƙarfi kowa yana ciki.

Mahaifin Lawali kuturu ne. Ya daɗe da gama shan magani, cutar ta mutu, sai dai ta riga ta tafi da yatsunsa. Gidansu yana can bayan gari, bayan kukar da ake ɗaure jakuna, kuma tsaron jakunan fatake ranar kasuwa shi ne sana'arsa. Lawali kuwa lafiyarsa ƙalau, ko tabo babu a jikinsa. Duk da haka yana da gwangwaninsa na shan ruwa daban a gindin randar makaranta, kuma a benci akwai tazarar da ake bari tsakaninsa da na kusa da shi, ba tare da wani ya taɓa faɗa da baki ba. Kakata takan ce mini, "Ku yi wasa, ban hana ba, amma kak ka kama hannunai."

Gonarsu tana maƙwabtaka da tamu. Tare muke korar tsuntsaye idan gero ya fara ido, tare muke yankan ciyawar awaki, tare muke kora jaki zuwa rijiya. Shi ya koya mini ɗaura gwangwanaye a igiya yadda ja ɗaya zai tayar da tsuntsayen gona guda. In ya tsinko magarya ba ya miƙo mini, jefowa yake yi in cafe. Na daɗe ina zaton wasa ne. Sai da na girma na gane sauƙaƙa mini yake yi.

Makonni uku a jere Lawali ne gwanin sarƙa. Malam Garba ya riƙa yabonsa a gaban aji, yana cewa yaron nan zai wakilci makaranta a gasar tsere a Isa. Gaskiya ne yana da gudu. Amma ba gudun ne ya hana a kama shi ba. Idan sarƙar ta doso shi sai ta karkace, na bakin layi ya yi kamar ya yi tuntuɓe, ko ya hango wani can ya nufe shi. Lawali ya san haka. Duk da haka yakan yi ta gudu da iyakar ƙarfinsa, yana kauce wa mutanen da ba binsa suke yi ba.

Ran Larabar nan Malam Garba ya lura. Bai busa usur ba kamar yadda ya saba idan saura mutum ɗaya. Ya tako har inda nake ya ce, "Sani, wasa bai ƙare ba. Tafi ka kamo shi." Na ja layin muka nufi aduwar. Lawali bai gudu ba. Ya tsaya cak, ya goge tafinsa a jikin wando, ya miƙo mini hannu.

Ina iya tuna abin da na gani dalla-dalla: yatsu biyar cikakku, da ƙaramin yanka na lauje a babban yatsan. Na kuma ji yadda yaron da ke riƙe da hannuna na hagu ya fara sassauta riƙonsa tun ban taɓa kowa ba. A ƙasa akwai karan gero da iska ta kwaso daga gonar hedimasta. Na sunkuya na ɗauka, na taɓa kafaɗar Lawali da shi.

Wasu suka yi dariya. Lawali ya dubi karan, ya dube ni, sannan ya kama ɗaya bakin ya riƙe. "Shi ke nan, an kama ni," in ji shi. "Mu tai." Haka muka zagaya filin sau ɗaya kamar yadda ake yi a ƙarshen wasa, kowa hannu cikin hannu, ni da shi kara a tsakani.

Washegari Malam Garba ya tsaya a gaban aji ya yi mana dogon bayani cewa wanda ya sha magani ba ya sa wa kowa cutar, balle ɗansa. Bayanin ya isa gidaje kafin azahar, iyaye suka je wurin hedimasta, aka ce a bar wasan riƙe hannu. Muka koma shara. Lawali ya ƙarasa zangon, bayan hutu bai dawo ba. Ya karɓi tsaron jakuna daga hannun mahaifinsa. Mukan gaisa daga nesa in na zo wucewa, har na bar ƙauyen na tafi Sakkwato karatu, na kama aiki.

Daminar bara aka kira ni a waya aka ce 'yan bindiga sun sami Lawali a gona, gonar nan da ke jikin tamu. Na isa ana shirin kai shi makwancinsa. Mutane kaɗan ne, yawancin ƙauyen ya riga ya watse zuwa Isa, kuma kowa yana sauri yana waige. Da aka nemi wanda zai shiga kabari ya karɓe shi, na cire takalmi na shiga. Na tallafi kafaɗarsa da hannu biyu na kwantar da shi.

A hanyar komawa na bi ta makarantar. An kulle ta, ciyawa ta cinye filin, randar ta fashe, aduwar ce kawai ke nan. A da yara sun cika wurin, muna da lafiya da lokaci, abin da muke tsoro kuwa hannun ɗan ajinmu ne. Yanzu babu ko yaro ɗaya da zai bi wani da gudu a wurin. Na tsaya ina kallon inda ya tsaya ran nan. Taku ɗaya ne tsakaninmu, sai da na yi shekara ashirin kafin na ƙarasa shi.