Sakainar Kaka a Gindin Suri

Jiya na ɗaga buhun masara a ɗakin ajiya, warin fumfuna ya bugi hancina. Na tsaya riƙe da buhun, sai Kaka ta faɗo mini a rai.

A ƙauyen Inkil ta raine ni, lokacin da bayan gidanmu duk gonaki ne. In damina ta kankama, da sassafe take tashina mu zaga gindin suri neman laimar kwaɗi. Mutanen cikin gari ƙyamarta suke yi, Kaka kuwa ko a jikinta. Ta san farar da ake miya da ita, ta san wadda ko akuya ba ta kusanta. Akwai wata dunƙulalliya kamar ƙwai, in ta bushe cikinta gari ne. Shi ta barbaɗa mini ranar da fartanya ta sare ni, jinin ya tsaya. Tabon na nan.

Matan wurin suna da al'ada: in kika ga ƙanana ba su isa cira ba, sai ki kifa sakaina a kansu. Shi ke nan sun zama naki, ba mai taɓawa.

Bara ciwon ƙafa ya kwantar da ita a asibiti, hankalinta ya fara komawa baya. Ma'aikaciyar jinya, wata 'yar kudu, ta ce mini allurar da ake yi mata daga fumfuna aka samo asalinta. Na faɗa wa Kaka. Ba ta yi mamaki ba, hannuna kawai ta riƙe.

"Na kifa sakaina a surin bayan gida. Je ka ciro mini kafin rana ta yi."

Na san abin da zan tarar, amma na je. An gina gida a inda surin yake: katanga ce da ƙofar ƙarfe, an shafe tsakar gidan da siminti. Na ɗan tsaya, mai gadi yana kallona, na juya na koma asibiti.

"Suna nan, Kaka. Ba su isa cira ba tukuna."

"To, bar su sai gobe. Ba mai taɓawa."

Ba ta kai goben ba. Ban yi kuka ba, har yau kuma bai zo ba.

Yanzu laimar kwaɗi takan fito a jikin katangata a unguwar Fadaman Mada. Ban san ko ta miya ce ko mai kisa ba, kuma ba wanda zan tambaya. Sai in kifa mata tsohon kwano, in wuce wurin aiki.