Kwalaben 'yata da naman layya

A shekarun mulkin soja wutar lantarki ba ta da amana a Khartum. Ɗakin binciken da 'yata ke karatu yakan wuni a duhu, mu kuwa a unguwarmu ta Alsahafa ba a cika ɗauke mana ba. Shi ya sa ta kawo wani ƙaramin akwati gida, ta cusa shi a saman tallaja, wato firji, wajen da ƙanƙara take. Kwalabe ne a ciki, ko ɗan yatsa ba su kai ba. Malaminta ne ya shigo da su daga waje cikin ƙanƙara, don a lokacin ba a sayar wa ƙasar irinsu, kuma in babu su ba ta gama digirinta.

Na tambaye ta aikinsu. Da yake ta san sana'ata kwafar littattafan ajami ce, sai ta biyo da ni ta nan. Ta ce kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana da rubutun da take kwafa. Ƙwayar cuta ta bairos ba ta da alƙalami, sai ta kutsa ta sa a kwafi nata rubutun. Amma Allah ya ajiye wani sinadari mai gadi, shi ne ma ke hana ciwon daji tashi. In ya ga baƙon rubutu sai ya tsayar da kwafar. Wasu cututtukan kuma mai gadin suke fara ɗaurewa. Ruwan kwalaben nan shi zai nuna mata ko yana nan a bakin aiki. Na yi tasbihi, na kuma gargaɗi kowa a gidan kada a taɓa akwatin.

Yayata ce ban gargaɗa ba, don ba ta nan. Ta zo daga Dar Salam, can bayan Omdurman, ranar Babbar Salla, ta karɓe madafa kamar yadda ta saba. Maƙwabtan da ba su da tallaja suka yi ta aiko da naman layya a ajiye musu. 'Yata tana Bahri, ƙetaren kogi, wajen gaishe-gaishe, ni ina zaure da baƙi.

Sai washegari bayan azahar yarinyar ta dawo, ta buɗe tallaja, ta ga cinyar rago a gurbin akwatinta.

"Gwaggo, ina akwatina?"

"Yana ƙarƙashin randa, 'yar nan. Na naɗe miki shi da jiƙaƙƙen buhu. Haka muke ajiye nono can gida a Jazira, bai taɓa lalacewa ba."

Yarinyar ta zauna a ƙasa. Ni na kasa shiru, na ce, "Haba Yaya, naman mutane ya fi karatun yarinya?"

"Da na mayar musu da namansu, da wane ido za ka shiga masallaci?"

Ba a ɗaga wa yaya murya, musamman wadda ta goye ka. Na tafi na sake alwala, alhali ina da ita.

Bayan salla 'yata ta gwada ruwan. Bai nuna komai ba, zafi ya kashe shi. Abokan karatunta suka gama, ita ta zauna jiran wani matafiyin da zai kawo sababbin kwalabe har wata Babbar Sallar ta zagayo. Yayata ta sake zuwa, ta ga kwaɗo a jikin tallaja, ta ce ita fa tunda take ba ta taɓa ganin gidan malami da irin wannan rowa ba.