Allurar Mijinyawa

Mijinyawa mutumin Dogon Dutsi ne. Ya zo Yamai yana saurayi, a bayan wata babbar mota mai ɗauke da gyaɗa, ya daɗe yana yaron mota kafin ya sami permi, takardar izinin tuƙi. Da ƙasa ta sami mulkin kai aka shiga neman direbobi a Plato, unguwar ofisoshin gwamnati, sai aka ɗauke shi a wani sarwis na gwamnati, aka ba shi Landiroba da kaki. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, mai son raha. A unguwar Bukoki ya kama ɗaki, a nan kuma ya auri Balkisa, Bazabarma haifaffiyar Yamai, wadda ta koyi Hausa a kasuwa wajen uwarta mai sayar da kayan miya.

Ba su daɗe da samun ƴarsu Jamila ba wata irin ƙishirwa ta kama shi. Sai ya shanye moɗa bayan moɗa, maƙogwaronsa yana nan a bushe. Yana ci kamar mutum biyu, amma kakinsa sai ƙara yi masa yawa yake. Balkisa ce ta fara lura da tururuwa tana taruwa inda ya yi fitsari. Aka gwada rubutu, aka gwada sassaƙe, babu sauƙi. Ran nan ya dawo aiki ya kwanta, aka yi ta tashinsa bai tashi ba, maƙwabta suka ɗauke shi sai lopital, wato asibiti.

Da ya farfaɗo, wani anfirmiye, ma'aikacin jinya, mai suna Hamidu ya zauna a bakin gadonsa ya fassara masa abin da likita ya ce. Ciwon sukari ne, kuma irin wanda ba ya jin ƙwaya. Allura ce zai riƙa yi wa kansa kullum, sunan maganin insulin.

"Har yaushe?" in ji Mijinyawa.

"Har iyakar ranka," in ji Hamidu. "Gara in gaya maka gaskiya tun yau."

Hamidu ya koya masa tafasa sirinjin gilashi a ƙaramar tukunya, da wasa bakin allura in ya dakushe, da inda zai tsaya a zanen sirinji in yana jan magani. Ya nuna masa yadda zai ɗiga fitsari cikin wani shuɗin ruwa ya ɗumama a wuta. In ruwan ya tsaya shuɗi, sukari ya sauka. In ya koma kore ko rawaya, ya hau. In ya yi ja kamar jan bulo, ya yi yawa ƙwarai. Da yake ba su da firigo mai sanyaya kaya, kwalbar magani a cikin jiƙaƙƙen yashi za ta zauna, a gindin randa.

"Abu guda kada ka manta," in ji Hamidu. "In ka yi allura, dole ka ci abinci. In ba ka ci ba maganin zai kayar da kai. Da ka ji gumi da rawar hannu, jefa sukari a baki, kada ka jira."

Mijinyawa ya riƙe duk wannan, jikinsa ya dawo. Amma a wurin aiki bai gaya wa kowa ba. Ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi, don ya san ranar da aka ji gaskiya za a karɓe makullin mota. Balkisa ba ta so haka ba. Ta ce, "Maigida, rayukan mutane kake ɗauka." Ya ce mata yana kiyayewa, kuma da gaske yana kiyayewa. Kullum akwai ƙwayoyin sukari a aljihun kakinsa, in ana jiran manya a ƙofar ofis yakan zagaya bayan mota ya ci ɗan burodi.

Haka aka tafi har wata safiya da zai kai shugabansa, Mushe Yakuba (Mushe laƙabin girmamawa ne na Faransanci), rangadi Doso. Ya riga ya yi allura, Balkisa tana dama kunu, sai ga saƙo cewa Mushe ya matso da tafiyar, yana jira. Ya kurɓi ruwa ya fita da gudu, yana cewa zai sayi wani abu a hanya. Mushe Yakuba kuwa yana sauri, bai yarda a tsaya ko'ina ba.

Kafin su kai Birnin Gaure gumi ya keto masa. Ya sa hannu a aljihu, wayam. Wankakken kaki ya saka, sukarin yana cikin na jiya. Ya so ya ce a tsaya, kunya ta hana shi, ya ce a ransa bari su kai gari. Hanya ta fara rabuwa biyu a idonsa. Abin da ya iya tunawa na ƙarshe shi ne ihun Mushe Yakuba.

Motar ta sauka daga hanya ta tsaya a cikin yashi, dab da wata bishiyar gawo. Babu wanda ya ji rauni. Daga baya aka ba shi labarin cewa ya fito yana tangaɗi, harshensa ya yi nauyi, ya ture Mushe Yakuba har ya zage shi a gaban mutanen da suka taru. Wata Bafulatana mai talla ce ta ji yana ta maimaita "sukari, sukari", ta dama fura ta ɗura masa. Da hankalinsa ya dawo, kalmar farko da ta shiga kunnensa ita ce "mashayi".

Maganar ta riga shi isa Bukoki. A masallaci ya ga wanda ya saba tsayawa kusa da shi ya matsa gefe. Mutumin da bai taɓa sanin ɗanɗanon giya ba, ga yara suna kwaikwayon tafiyarsa. An kore shi daga aiki, amma wannan abin ya fi korar yi masa zafi. Ya ɗauki sirinjinsa da kwalbar magani ya tafi Plato, ya ajiye su a kan teburin Mushe Yakuba, ya faɗi komai.

Mushe Yakuba ya dubi kayan. Sannan ya ce, "Na yarda ba giya ba ce, kuma zan faɗa wa mutane haka. Amma Mijinyawa, kana sane da wannan ciwo ka ɗauke ni, ka ɗauki matata da ƴaƴana? In da a kan gada abin ya same ka fa?"

Mijinyawa ya tattara kayansa ya fito. Bai sake tuƙa mota ba.

Wani abokinsa Sumana, mai sayar da itacen gini a kasuwar Katako, ya ba shi wuri a rumfarsa. Aikin bai dame shi ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne tsoro. Ya tsani ranar da zai sake faɗuwa a gaban jama'a yana sambatu, saboda haka ya fara rage maganin da kansa. Ruwan gwaji ya daina tsayawa shuɗi, yau rawaya, gobe ja. Ƙishirwa ta dawo, amma shi ya fi son haka, don ƙishirwa ba ta kunyata mutum.

Balkisa ta gane. Wata rana ta tsaya a kansa yana jan magani, ta ce, "Ba nan Hamidu ya nuna ba."

"Na san jikina."

"Ka sani? Ka dubi wuyanka a madubi. Don kada mutane su yi maka dariya za ka bar mu ni da Jamila?"

Ya ƙara kaɗan don ta yi shiru, washegari ya koma yadda yake. Hamidu ma ya yi masa faɗa har ya gaji. Ga shi wani lokaci maganin kan yanke a gari, a ce jirgi bai kawo ba, sai ya yi ta jan ragowar kwalba yana cin ganye da ɗan nama, yana kallon tuwo ba halin taɓawa. In azumi ya zo, ko da yake liman ya ce masa Allah ya yi masa rangwame, a bayan tarin katako yake ɓuya ya ci, yana jin kamar ɓarawo.

Shekaru suka tafi a haka. Idonsa ya fara dushewa, har ya kasa ganin zanen sirinji. Dole ya miƙa wa Balkisa. Tun daga ranar ita take ja, kuma cikakke take ja, ta tsaya a kansa sai ya ci, ta cusa masa sukari a kowane aljihu. Ya ɗan murmure, har ya koma yi wa Jamila wasa in ta dawo daga lakwal, wato makaranta. Sai dai ɓarnar ta riga ta yi nisa.

A shekarun farin nan da dabbobi suka yi ta mutuwa, ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa a rumfar Sumana. Bai ji ba, sai da ya cire takalmi aka ga jini. Mikin ya ƙi warkewa, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Likita ya ce a yanke. Mijinyawa ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani, ya roƙi Sumana ya kai shi Dogon Dutsi ya ga uwarsa.

"Ka bari a yi aikin tukuna, aboki," in ji Sumana. "Can babu maganinka."

Ya ce, "To, a aika mata ta zo."

Aka aika. Ya yarda aka yanke ƙafar, amma zazzaɓi bai sake shi ba. Tsohuwar ta iso ta tarar da shi da rai, ya gane muryarta, ya riƙe hannunta. Da la'asar ɗin washegari ya cika, bai kai arba'in ba. Balkisa ta ci gaba da zama a Bukoki, tana sayar da dambu da zogale a bakin Katako, da shi ta riƙe Jamila har ta gama lakwal.