Takardun da Na Binne a Tulu

Ku yara 'yan makaranta, ku ba ni aron kunnuwanku. Sunana ba zai amfane ku da komai ba. A ƙauyenmu ma an daina kiransa, sai dai a ce "wancan na tulu".

Ni manomi ne kamar ubana, a wani ƙauye kusa da Minjibir, inda gonar wannan ke jingine da ta wancan, idan ka yi atishawa a taka maƙwabci ya yi maka addu'a daga tasa. Gero, dawa, gyaɗa. Ranar kasuwa ina taɓa dillancin awaki, domin Allah ya ba ni baki. Na taɓa sayar da akuya mai tari, na ce wa mai saye gaishe shi take yi. Boko kuwa aji uku na yi, shi ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta. Amma ban taɓa ɗaukar kayan kowa ba. Ƙaryata ta ban dariya ce, kowa ya san ta.

Wata shekara wani jami'i ya zo daga birni da fom ɗin tallafin karatu, na gaskiya. Shugaban sakandarenmu ya ce in raka shi gida-gida tunda na san kowa. Kwana biyu ina riƙe masa jaka. Yakan karɓi takardun yaro, ya duba, ya jinjina kai, ya mayar. Yara biyu suka dace. Daga nan aka fara ce mini Wakili. Wannan ta aiko da ƙwai, wancan ya kamo mini zakara: "Wakili, in an sake kar a manta da namu." Ban ce musu jaka kawai na riƙe ba. A nan na fara lalacewa, a kan jan zakara ɗaya.

Da shekara ta zagayo jami'in bai dawo ba, sai na zama shi. Na sayi jakar hannu ta gwanjo da tabarau wanda ba na magani ba. Na je wani shagon kwamfuta a Kano aka buga mini fom, wani ya sassaƙa mini hatimi da robar tsohon takalmi. Abu uku nake talla: tallafin karatu, horon shugabanci, da koyon aiki a ofis lokacin hutu. Ban san bambancinsu ba, amma na iya faɗinsu da sauri. Iyaye suka riƙa biyan kuɗin fom, har daga wajen Zakirai.

Don a ƙara yarda da ni, sai na ce a kawo takardu na asali, zan kai sama. Mutanenmu kuwa ba sa ganin girman kwafi. A wurinsu miƙa wa hukuma hoton takarda raini ne. Haka suka yi ta kawo mini shaidar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma, takardar gama firamare da sakamakon jarrabawa, wasu a naɗe cikin sabon ƙyalle.

Wata safiya yayana Idi ya shigo da ɗansa Rabi'u. Rabi'u shi ne na ɗaya a makarantarsu, shi ke karanta wa rabin ƙauyen wasiƙa da takardar asibiti. Injiniya yake so ya zama. Ya karɓi fom ɗina ya duba, ya ce, "Baffa, akwai kuskure a rubutun nan, har wuri uku."

Na gyara tabarau na ce, "Turancin manya ne, ba ku kai nan ba tukuna."

Yaya ya harare shi. "Kai, baffan naka za ka koya wa aiki? Miƙa masa."

Rabi'u ya miƙo takardunsa na asali da hannu biyu, a durƙushe. Wallahi zuciyata ta ce in ce fom ya ƙare. Amma idan na ƙi ɗan gidanmu, gari zai tambayi dalili. Na karɓa.

To, ina zan kai takardun? Ba ni da sama, ba ni da ofis, matata kuma ba ta barin lungu ba ta share ba. Sai na adana su yadda na san ana adana abu mai daraja, wato yadda muke ajiye irin shuka. Na samo tulu, na zuba toka, na cusa takardun, na liƙe bakin da laka. Iri dai a ɗaki ake ajiye shi. Ni da wayona ya yi yawa, sai na haƙa rami bayan garken awaki na binne. Har yabon kaina na yi a ranar.

Damina ta zo ta yi nisa. Ashe shugaban makaranta, ba tare da ya bi ta kaina ba, ya sa sunan Rabi'u a wani tallafi na gaskiya, wanda zai ɗauki nauyinsa har ya gama jami'a. Rabi'u ya rubuta jarrabawa ya ci. Ranar Alhamis ya same ni a gona yana haki, fuskarsa kamar ranar salla.

"Baffa, sun kira ni ganawa ranar Litinin a Kano! Sun ce in zo da takarduna na asali. A aro mini su, in na dawo sai a mayar."

Na ce suna Abuja, zan buga waya. Kwana biyu ina kara waya a kunne ina faɗa da mutumin da babu shi. Ranar Asabar da hantsi, da gida ya watse, na ɗauki fartanya na tona.

Tulun ya tsage, ruwa ya shiga, gara ta bi. Na zura hannu na ɗebo ƙasa mai laushi. Karatun yara masu yawa, shekara da shekaru, ya koma taki. Abin da na tsinta na Rabi'u shi ne gefen hotonsa, kunne ɗaya da kafaɗar farar rigar makaranta.

Ina tsugune a wurin sai na ji inuwa a kaina. Rabi'u ne, ya zo jin labarin Abuja. Ya dubi tulun, ya dubi hannuna. Bai yi ihu ba. Cewa kawai ya yi, "Baffa, da ka faɗa mini tun ranar Alhamis."

Ya je ganawar hannu wofi. Suka tausaya masa, suka ba shi 'yan kwanaki. Ya yi ta zarya tsakanin kotu, ofishin 'yan sanda da sakatariyar ƙaramar hukuma yana neman madadi. Kafin ya haɗa, wa'adi ya cika, aka ba wa na bayansa.

Sauran kuna iya hasashe. Iyaye suka taru, aka kira 'yan sanda, ni ma ban gudu ba. A kotu alƙali ya miƙo mini fom ɗina ya ce in karanta. Na riƙe shi a kife. Mutane suka yi dariya, ban da Yaya Idi da ke zaune a baya ya sunkuyar da kai. Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Ina gidan yari ya rasu, ban sallace shi ba, ban roƙe shi gafara ba. A can wani fursuna, tsohon malami, ya koya mini ɗan rubutun da kuke gani. Wanda ya binne karatun wasu, sai a kurkuku ya koyi haɗa baƙi.

Da aka sake ni na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun yafe, wasu sun rufe ƙofa, kuma ban ga laifinsu ba. Rabi'u na bari a ƙarshe. Na same shi a tasha, ya zama kwandastan bas, domin bayan rasuwar ubansa shi ke ciyar da gida. Na durƙusa a gabansa cikin mutane. Ya kama kafaɗata ya ce, "Tashi, Baffa, ana kallo. Na yafe tuntuni. Birni za ka? Shiga gaba."

Ba ni da abin yi a birni, amma na shiga.

Ku yara, damar nan ta karatu gaskiya ce, akwai ta, ku neme ta. Amma ku bi ta hannun malamanku. Takardarku ta asali a duba a gabanku a mayar muku, ko da baffanku ne ya ce ku bari. Kai kuma mai baki irin nawa, ranar da aka kira ka da sunan da ba naka ba, aka kamo maka zakara, ka mayar da shi. Na tuba, ina fatan Allah ya karɓa, amma tuba ba ta mayar da takarda.

Ranar nan da muka shiga Kano, motar ta rage gudu a gaban wata babbar ƙofa, samari sa'annin Rabi'u suna shiga da littattafai. Na ji Rabi'u ya buga jikin mota ya ɗaga murya, kamar yadda yake yi kullum:

"Ƙofar jami'a! Akwai mai sauka?"