Inna Rediyo da Na'urar Kunnen Malam

A layinmu akwai wata tela da muke kira Inna Rediyo, don tun tana amarya ba a taɓa gano inda maɓallin kashe ta yake ba. Mijinta, Malam, tsohon makanike ne. Ƙarar injuna ta cinye masa kunnuwa a gareji, ko da yake wasunmu na cewa Inna ce ta ƙarasa aikin.

Da 'yarsu ta sayo masa na'urar ji, wata 'yar aba kamar ƙwaryar gyaɗa da ake rataya wa a bayan kunne, Inna ta fi shi murna. Mutumin da ya daɗe yana gyaɗa mata kai kamar ƙadangare ya dawo yana mayar da magana. Abin da take so ke nan a duniya: ta faɗa, a rama.

Shi ya sa na'urar ta zama autarta. Kullum da safe, kafin ta taɓa keken ɗinki, sai ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ta saka tabarau. Ta kife bakin na'urar ƙasa, ta share dauɗar kunne da ɗan burushi, ta zura siririn zaren roba cikin bututun, ta goge jikin da busasshen ƙyalle. In za a kwanta, ta buɗe ƙofar batir, ta sa ta cikin gwangwani mai shanye danshi. Gwajinta kuwa shi ne ta dunƙule ta a tafin hannu. In ta yi fito, lafiya lau.

Wata rana ta dawo daga kai ɗinki, ta dunƙule, shiru. Hannunta kuma sai santsi yake. Malam na gefe yana murmushin wanda ya yi abin kirki, kwalbar man kekenta a cinyarsa.

"Malam, me ka yi mata?" ta faɗa da ƙarfi a saitin kunnensa.

"Na ji tana ƙara ne, Hajiya. Duk injin da ke ƙara, mai yake nema."

"Inji? Tirela ka rataya a kunne?"

"Eh, ɗigo kaɗan ne," in ji shi, don bai ji ta ba.

Ta yafa mayafi sai shagon masu na'urar. Ma'aikaciyar ta duba da fitila, ta ce man ya cika bututun da robar da ke shiga kunne, ya kuma taɓa bakin injin. Ta canza bututu. Ta ce, "Mama, in ya shige ciki, sai haƙuri, an daina yin irin wannan. Ki wanke robar ita kaɗai, injin kuma ki yi ta tsotse man da ƙyalle. Kada ki hura da baki."

"'Yar nan, iskar bakina ai tana da wanda nake ajiye wa."

A kwanakin nan gidan ya yi tsit, har muka shiga dubiya. Muka same ta ta ture ɗinkin mutane gefe, tana murza bakin ƙyalle ya yi tsini, tana dangwala shi a ramin na'urar, ta ɗaga shi ga hasken taga ta ga ko akwai maiƙo. Ta yanka sabo, ta sake. Na ce ta huta, tsohon ai ba kuka yake ba.

"Shi ba ya kuka," in ji ta. "Ni ce nake magana da bango. Jiya na ce masa shayi ya yi sanyi, ya ce amin."

Ranar da ƙyalle ya fito fari tas, ta haɗa robar da ta bushe, ta saka sabon batir, ta dunƙule hannu. Wani siririn fito ya fito kamar na ɗan tsako. Ta rataya masa, ta koma bayansa inda ba zai ga bakinta ba, ta yi ƙasa da murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba.

"Tsohon banza mai hannun giris."

"Na ji ki, Rediyo," in ji Malam. "Wa ya rage miki murya? Ke ma mai kike nema."

Ta ɗauke kwalbar man, ta kulle a durowa, ta ɗaure makullin a bakin zani. Sannan ta ja kujera kusa da shi, ta fara daga inda ta tsaya.