Hannun Hagun Yaya Zulmira

Yayata Zulmira tela ce a nan garinmu Caruaru, kuma duk unguwarmu an san ta da rawar forró, wadda ake yi biyu-biyu, mace da namiji. Ita da mijinta Genival, gajere kamar turmi, in suka riƙe juna a bikin São João sai jama'a su ja baya su ba su fili. Da ya rasu ta daina. Ko rediyo aka kunna sai ta shige ɗaki.

Bara na shiga gidanta na tarar ta ture teburin kicin, ta jingina madubi da firji, ta ɗaura ɗamara mai wuri a ƙugu. A waya wata malamar rawa, Jussara, tana ba ta umarni.

Na ce, "Yaya, tsufan ne ya zo da gardama?"

Ta ce, "Rufe min baki, Nilzete. Rawar ciki ce, irin wadda ake gauraya ta da kowane kiɗa. Kuma ba ta buƙatar namiji."

Nan na gane.

Ƙugu dai ba a koya wa 'yar Caruaru. Matsalar hannun hagu ce. Malama ta ce hannu ya tashi a hankali kamar maciji har ya wuce kai. Na dama yana zuwa lafiya lau. Na hagu kuwa da ya kai wani wuri sai ya tsaya cak, tafin ya kife a iska, daidai tsayin kafaɗar Genival. Shekara da shekaru can yake sauka.

Ta yi wa hannun faɗa, ta ɗaura masa awarwaro. Har ludayi ta ba ni in riƙa ƙwanƙwasa shi. A banza, wai an tsikari kakkausa.

Malama ta sa ta cikin masu rawa a dandalin unguwa ranar São João. Yaya ta ce in hannun bai gyaru ba, ba za ta fita ba. "Kowa zai gane kafaɗar wa nake nema. Ba zan tsaya a ji tausayina ba." Ni kuwa tsoro nake ji, don na san in ta ƙi fita, ɗakin nan za ta koma.

Da kyar na ja ta. Ranar ana ta gasa masara a ƙofar gidaje, aka saki kiɗa, ta fara. Hannun ya tashi, ya tashi, ya tsaya inda ya saba. Ta dube shi, ba ta janye ba, ta juya da shi a haka har kiɗan ya ƙare.

Da ta sauko na ce, "Yaya, ya sake yi fa."

Ta ce, "Na gani. To ya zan yi da shi? Mutumin nan bai taɓa fashin São João ba."