Da'irar Alli a Gefen Tayata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, tara ga watan Satumba, ina tsaka da awon wata mai ciki a asibitin da nake aikin ungozoma, 'yarka ta kira ni ta ce Allah Ya yi maka rasuwa bayan jinyar kwana shida a gida. Kwana shida kana kwance, Baba Mai Alli, ni kuwa ban sani ba, domin wata huɗu ke nan ina zagaye layin shagonka kamar wadda ta yi maka sata.

Fiye da shekara talatin kana sayar da tayoyi a kwanar layinmu, tun mahaifina, amininka, yana da rai. Ba a taɓa ganinka babu guntun alli maƙale a kunne ba, nan sunan ya samo asali. Ni kuma ka raɗa mini Gaggawa, don ban iya jira ba, bakina ma ya fi ƙafata sauri.

Ranar da na sayi motata ta farko na kawo maka ita ina ta washe baki, ko kallon fentin ba ka yi ba. Ka sa na durƙusa da fararen kayan aikina, ka nuna mini wasu lambobi huɗu a gefen taya, ka zagaye su da alli. Ka ce, "Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Taya ma tana da ranar haihuwa, 'yata. Ke da kike karɓar haihuwa ai bai kamata a ɓoye miki shekarun kowa ba." Ka ce roba tana tsufa ko ba ta taɓa taka ƙasa ba, kuma tsufanta daga ciki yake farawa, zanen yana nan raɗau amma jikin ya bushe. Daga shekara shida, in ji ka, sai a fara yi mata kallon tsohuwa.

Haka kake yi wa kowa. Mai saye ba ya fita daga shagonka sai ya durƙusa ya karanta da bakinsa, ko da babbar riga ya zo. Na ga ranar da ka hana wani direban tasi haɗa taya mai girma daban da 'yan'uwanta, ya tafi yana zage-zage, bayan mako guda ya dawo da abokan aikinsa biyu. Na ga ka sa wuƙa ka farke tayoyin da suka mutu, don kada wani ya tsince su ya shafa musu mai ya sayar wa marar sani. Kai ka koya mini auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, da duba baƙin mai da ruwan lagireto duk mako. Kullum sai ka tambaye ni lafiyar safaya, kana cewa ita ce 'yar'uwar da ba a tunawa da ita sai ranar wuya.

Sai ranar da bakina ya ja mini. Tayoyina na baya sun suɗe, na zo a gurguje. Ka ce waɗanda suka rage a shago daidai da motata sun daɗe a ajiye, ba za ka sa mini su ba, in jira sabbi zuwa Juma'a. Na ce, "Baba, kai dai ciniki ne ba ka so, sai wa'azi. Kasuwa ai ba kai kaɗai ba ne." A gaban mutane na faɗa. Ka cire allin daga kunne, ka jujjuya shi, ka ce, "Allah Ya kiyaye hanya, 'yata."

Na je wani wuri na sayi guda biyu masu sheƙi, da araha. Ban durƙusa ba. Ba mantuwa na yi ba, tsoron abin da zan gani nake yi. Daga ranar na sauya hanyar zuwa aiki, don na san idonka ba ya kuskuren taya ko da mota tana gudu.

Bayan wata biyu, wata rana da la'asar na tashi daga aiki, na iske da'irar alli a kan tayoyin nan biyu. Daga baya na ji cewa awon hawan jini ka zo asibitinmu. Ba ka sa an kira ni ba, ba ka bar saƙo ba, amma ka durƙusa da ciwon gwiwarka a filin ajiye motoci. Na karanta lambobin: shekarar tayoyin tara. A kan su nake ɗaukar 'ya'yana uku zuwa makaranta. Kunya ta kama ni, kunyar ta koma haushi, na jiƙa tsumma na goge allin. Na ce gobe zan je in ba ka haƙuri. Goben nan ita ce ba ta zo ba, kuma da na sani ƙeya ce.

A ƙafa na je gaisuwa, don ban iya kai motar ƙofar gidanka a kan waɗancan tayoyin ba. Da mutane suka ragu, 'yarka, wadda ke tsaron shagon tun da ƙarfinka ya ja baya, ta kama hannuna ta kai ni can. A bayan ƙofa akwai tayoyi biyu jingine, an lulluɓe su da buhu. Ta yaye. Lambobinsu na wannan shekarar ne, an zagaye su, a sama kuma da rubutunka mai karkata: "Na Gaggawa. Kada a sayar."

Ta ce, "Tun waccan Juma'ar ya ajiye su, Yaya. Mutum nawa suka taya, ya hana. Ya ce kunya ce ta riƙe ki, in kin zo kada wanda ya yi miki faɗa."

Na durƙusa na karanta lambobin da ƙarfi yadda ka koya mini, kuka bai bar ni na kai na huɗun ba. Jiya aka ɗaura su. Na roƙi mai wankin mota kada ya taɓa rubutun, duk da na san ruwan sama na farko zai tafi da shi.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Duk wanda ya isa gida lafiya a kan tayar da ka zaɓa, Allah Ya sa ladan a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, abokiyar zamanka, da 'ya'yanka da jikokinka, da direbobin da yau ba su san wanda zai tsawata musu ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sa mu cika da imani.

Ka ce in jira Juma'a, na ƙi. Kai ka jira ni wata huɗu. Na zo, Baba, na makara amma na zo. Ka yafe mini.